AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: WA AKE SAURARO A ZAMFARA?



Ya kai ɗan uwa da ka fito daga Masallacin Juma'a ka tsaya ka sayi wannan jarida, kafin ka ci gaba da karatu, sa hannu a aljihu ka taɓa wayarka. Wannan 'yar aba da kake taɓawa ta san gidan da ka kwana jiya. Ta san wanda ka kira da asuba, da minti nawa kuka yi kuna magana. Ta san ko daga Tudun Wada ka taho ko daga Sabon Gari. Ta san ranar da ka je Tsafe ta'aziyya, da ranar da ka je Bungudu ɗaurin aure. Duk abin da ta sani kuwa, kamfanin layi ya sani. Abin da kamfani ya sani, mahukunta suna da hanyar saninsa, kai ko labari ba ka da shi.

An ce mana don tsaronmu aka yi haka. To yau muna so mu ɗora wannan magana a kan ma'auni. Mu mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu ba wanda zai ba mu labarin rashin tsaro, jiki magayi. Don haka mu muka fi kowa cancantar mu yi tambaya: tunda aka karɓe mana sirrinmu, ina tsaron da aka yi mana alkawari?

SAU NAWA MUKA DANGWALA YATSA?

A shekarar 2011 aka ce kowa ya je ya yi rijistar layinsa. Muka je, aka ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. A 2014 bankuna suka zo da BVN, muka sake miƙa yatsu. Hukumar zaɓe ma ta ɗauki nata. Sai a watan Disamba na 2020, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, in ba haka ba a toshe shi. Kun tuna yadda tsofaffi da mata masu goyo suka riƙa sammako suna bin layi cikin hunturu, a daidai lokacin da wannan gwamnatin ke cewa a nisanci cunkoso saboda korona. A watan Fabrairu na 2022 ministan ya shelanta cewa Shugaba Buhari ya amince jami'an tsaro su riƙa shiga wannan rumbun bayanai. A ranar 4 ga Afrilu, 2022, aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira, saboda masu su ba su haɗa ba.

Talaka bai yi gardama ba, domin hujjar da aka kawo masa ta shige shi. An ce daga yau duk wanda ya ɗaga waya ya nemi kuɗin fansa, za a san sunansa, a san fuskarsa, a san inda yake.

Ya kamata ɗan uwa ya fahimci yadda abin yake aiki. Wayarka, ko babba ce ko 'yar ƙarama mai tocila, muddin a kunne take, tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita. Duk kiran da ka yi, kamfani yana rubuta lambar da ka kira, da lokacin, da tsawon maganar, da ƙarfen da ya ɗauke ka. Ita kanta wayar tana da lambarta ta jiki, ta yadda ko ka canza layi ana gane ita ce. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tilasta wa kamfanoni su ajiye irin waɗannan bayanai har shekara biyu, su kuma miƙa su in jami'an tsaro suka nema. A 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin tatsar maganganun waya. A ciki an ce sai da izinin alƙali. Amma a ciki dai an buɗe wata ƙofa: in jami'i ya ce maganar tsaron ƙasa ce, yana iya fara saurare, ya nemi izinin daga baya cikin awa 48. Wa ke fassara tsaron ƙasa? Shi mai sauraron!

WATA UKU BABU SABIS

Bayan an sace ɗalibai sama da 70 a makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, ranar 1 ga Satumba, 2021, sai NCC ta umarci kamfanoni, ranar 3 ga wata, su kashe layukan waya a faɗin jihar Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne. Garin Gusau bai ga sabis ba sai 1 ga Oktoba. Mutanen Tsafe da Bungudu da sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba.

Wa ya sha wuya? Mai POS da ya rufe rumfarsa. Ɗalibin da aka yanke shi daga makarantarsa. Mai haƙurin da ake jira a turo masa kuɗin magani daga Legas. Mutumin da mahaifiyarsa ta rasu, sai da aka tashi ɗan aike a babur, kafin ya iso an riga an binne ta. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota, su ratsa hanyar Tsafe mai hatsari, su je Funtuwa don kawai su ce wa 'yan uwansu muna raye. Ba a jima ba ita ma Funtuwar aka kashe nata, tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar neman agaji, ba shi da hanyar gaya wa duniya abin da ya same shi.

Ba mu musanta cewa ɓarayin daji suna da masu kai musu rahoto a cikin gari ba. Suna da su, kuma tsinannu ne. Amma ku duba wannan abin mamaki. Hukumar da ta ce ta tattara sunan kowa da yatsan kowa don ta ware ɓarawo daga cikin jama'a, da aka zo ranar aiki sai ta kasa ware shi, ta toshe bakin miliyoyin mutane gaba ɗaya. Bayan an maido da sabis, a watan Janairu na 2022, aka yi kisan Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. To me aka tsinana?

Abu ɗaya dai muka koya a waɗancan watanni: hannun da ke iya sauraronka, shi ne ke iya rufe maka baki, kuma wasiƙa ɗaya ta ishe shi.

WA AKA GANI, WA BA A GANI BA?

A cikin waɗancan kwanaki ne, a watan Satumba na 2021, aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Ya yi sama da wata guda a hannunsu. A ranar 22 ga Satumba, 2023, aka shiga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bungudu, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata. Wasunsu ba su ga gida ba sai watan Afrilu na 2024. A watan Agusta na 2024 duniya ta kalli bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a ɗaure yana roƙon a cece shi, kafin a kashe shi. Wannan bidiyo da waya aka ɗauke shi, ta waya aka aiko shi.

Ku tambayi duk gidan da aka taɓa ɗaukar musu mutum. Da me ake cinikin fansa? Da waya. A kira yau, a kira gobe, a yi ta ja-in-ja mako da makonni, har a ce a haɗo da katin waya da babur. Ina NIN? Ina ƙarfen sabis da ke rubuta komai? Shi kansa Pantami, a watan Janairu na 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a Abuja, ya fito ya koka cewa tsarin yana nan, matsalar ita ce ba a amfani da shi. Wannan shaida ce daga bakin mai shi.

Wani lokacin ma ba a bukatar na'ura. A 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kan Ado Aleru. A watan Yuli na 2022, da rana tsaka, a gaban taro, aka naɗa masa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoto, cikin ƙaramar hukumar Tsafe. Ya zo, aka naɗa shi, ya koma. Sarkin da ya naɗa shi aka dakatar. Bello Turji kuwa ya sha fitowa a bidiyo, fuska a buɗe, yana magana son ransa.

Yanzu ku juyo ɗaya ɓangaren. A watan Nuwamba na 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter a kan matar shugaban ƙasa ta lokacin. Cikin dubban ɗalibai aka tsamo shi, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, aka tura shi kurkukun Suleja, sai da jama'a suka yi caa sannan aka janye ƙarar. Ba muna yaba wa cin mutunci ba ne, tarbiyyarmu ta hana. Tambayarmu ita ce: idon da ya hango wannan yaro, me ya makantar da shi a dajin Tsafe?

A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta duniya, CPJ, ta bayyana yadda 'yan sandan Nijeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kamo 'yan jarida. Dabararsu ita ce su duba wanda kuka fi magana da shi, su fara damƙe shi, su sa shi ya kira ka. A nan Gusau kuma, a watan Oktoba na 2022, gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu kafafen labarai, har da NTA da Pride FM, don sun ɗauki taron 'yan adawa. Daga baya ta janye, ta ba da haƙuri. Wannan umarni a rana ɗaya aka zartar da shi. Ashe in suna so suna iyawa!

KUƊINMU AKE SAYEN KUNNEN DA SHI

Kada wani ya ce mana kayan aiki ne babu. A 2013 jaridar Premium Times ta tona cewa gwamnatin Jonathan ta ba wani kamfanin Isra'ila mai suna Elbit kwangilar dala miliyan 40 don sa ido a kan abin da 'yan Nijeriya ke yi a intanet. A watan Disamba na 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da aka gano na'urorin kamfanin Circles a cikinsu. Da irin wannan na'ura, lambarka kawai ake bukata a san inda kake, a saurari kiranka. A watan Yuli na 2021, wata biyu kafin a kashe mana sabis, Majalisar Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 ga Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA: biliyan 1.93 don tatsar WhatsApp, biliyan 2.93 don tatsar Thuraya, wayar tauraron ɗan adam da ake cewa 'yan daji na amfani da ita. To ga kuɗi an fitar. Ina sakamakon?

Su kansu bayanan da muka sha rana muka ba su amana, yaya aka riƙe su? A watan Yuni na 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Naira 100, ɗan uwa! Ko ƙosan karin kumallo ba za ta saya maka ba.

Wannan cuta ba a nan ta tsaya ba. A 2013 Edward Snowden ya tona yadda Amurka ke tattara bayanan kiran wayar jama'arta da na sauran duniya. A 2014 tsohon shugaban hukumomin leƙen asirinta, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a cewa da irin waɗannan bayanai suke kashe mutane. A 2020 aka gano cewa bayanan wurin da masu amfani da manhajar Muslim Pro suke, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da ita, suna zuwa hannun wani dillali da ke hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun ce ba su sayar wa soja ba, suka kuma yanke hulɗa da dillalin.

MAI KAZA A ALJIHU?

Wani zai ce, ai mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Ni da ba ni da laifi, su yi ta saurare. To ɗan uwa, me ya sa aka yi wa gidanku zaure? Me ya sa aka rubuta BA A SHIGA a ƙofar gida? Laifi ake aikatawa a ciki? Mutunci ake karewa. A wayarka akwai muryar matarka, akwai hoton ƙanwarka, akwai bashin da abokinka ya roƙe ka a ɓoye, akwai ciwon da mahaifinka bai so kowa ya sani ba. Rabin abin da ke cikinta ma amanar wasu ce.

Sannan laifi wa ke yanke shi? Abin da yau ba laifi ba ne, gobe mai mulki na iya mai da shi laifi. Kuka da rashin tsaro a ƙauyenku na iya zama tunzura jama'a. Sashe na 24 na dokar 2015 da shi aka riƙa kama masu rubutu, har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Sai a 2024 aka yi masa kwaskwarima. Kuma duk na'urar da gwamnatin da kake so ta saya, gwamnatin da ba ka so ita za ta gaje ta.

Babbar ɓarnar ma a zuciya take. Ran da mutum ya tabbata ana jin sa, zai fara haɗiye gaskiya. Aboki ya fara zargin aboki. A majalisa a riƙa waige kafin a yi magana. Al'ummar da ta kai nan, azzalumi ba ya bukatar ya ɗaure ta, ta riga ta ɗaure kanta.

Addininmu bai bar wannan a buɗe ba. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah Ya haɗa mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba, Ya hana su a jere. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Ya tabbata a Hadisi cewa mai sauraron zancen mutane alhali ba sa so, narkakkiyar dalma za a zuba masa a kunne ranar Alƙiyama, kuma shugaban da ya shiga neman abin zargi a cikin jama'arsa, lalata su zai yi. Malamai irin su Mawardi, da suka yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mulki, sun hana ko mai hisba ya yi leƙen asiri, sai a inda amintacce ya kawo labarin ana shirin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Ku duba da kyau! Ƙofar da shari'a ta buɗe, ta bin sawun mai kisa da mai satar mutane ce, nan ne kuma mahukunta suka yi barci. Wadda ta rufe, ta gidan wanda bai ji ba bai gani ba, ita suka ɓalle.

Ko kundin tsarin mulkin da suka rantse za su kare, sashe na 37 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Da dokarsu muke kama su.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, mu tambaya, mu kuma nace. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, a tambaye shi: masu neman fansa nawa aka kama ta hanyar NIN? Layuka nawa aka saurara, da izinin wane alƙali? Wa aka hukunta kan sayar da bayananmu? Wace doka za ta hana a sake kashe wa jiha guda layi da wasiƙa ɗaya? Muna so a bi sawun ɗan bindiga, yau ma ba gobe ba. Amma a bi shi da sunansa, da hujja, da sa hannun alƙali.

Na biyu, mu tsare ƙofarmu. Kada ka yi wa wani rijistar layi da sunanka, ko nawa zai ba ka. Ran da aka yi ɓarna da shi, ƙofarka za a buga. Kada ka bar takardar NIN ɗinka a shagon kowa. Sa wa wayarka makulli. Kada ka taɓa saƙon da ba ka san mafarinsa ba. Manhajar da ba ruwanta da inda kake, hana ta sani. Ka kuma sani cewa ko da WhatsApp ya rufe abin da ka faɗa, bai ɓoye da wa ka yi magana ba, kuma zauren da ke da mutum ɗari biyu kasuwa ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan taka-tsantsan ne, kada ya zama tsoro: gaskiyar da za ka iya tsayawa a kanta, faɗe ta da sunanka, cikin ladabi da hujja.

Na uku, kuma shi ne mai ɗaci, mu dubi kanmu. Kai da kake ɗaukar wayar matarka in ta shiga wanka, kai da kake naɗar muryar abokinka ka watsa, kai da kake ɗaukar hoton hirar sirri ka tura wa zaure, da wane baki za ka zargi mahukunta? Ayar da ta hana su, ita ta hana ka. Kai kuma da ake ba 'yan kuɗi kana kai rahoton maƙwabta, ko ga na daji ko ga na ofis, ka ji tsoron Allah, ka tuna akwai ranar da za a tona asirai, naka na ciki.

Mun ba da yatsa, mun ba da fuska, mun yi wata uku a rufe. Ba mu ga tsaro ba. Wanda ya karɓi kuɗi bai ba da kaya ba, kowa ya san sunansa a kasuwa.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi, Ya isar mana a kan duk azzalumi, na daji da na gari.

Wassalamu alaikum.